Babi na Bakwai: Gani Ya Kori Ji: Awo da Taswira a Ramukan Kuzar Jos

Duk wanda ya buɗe hoton tauraron ɗan'adam na ƙasar da ke tsakanin Jos da Barikin Ladi, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne tabkuna birjik, manya da ƙanana, wasu baƙi ƙirin, wasu kore, wasu jajaye saboda laka. Galibinsu hannun ɗan'adam ne ya haƙa su. Ramukan kuza ne da ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka cike bayan masu haƙa sun tashi.

Kuza ba baƙuwa ba ce ga mutanen Arewa. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai suna narka ta, fatake suna yawo da ita kasuwa-kasuwa. Sawun wannan fatauci Kamfanin Neja ya bi har ya kai shi tsaunukan Jos a 1902, kuma ba a jima ba aka kafa sansanin haƙa a Naraguta. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta juyo kan Jos da aikin tilas. Aka kwaso dubban leburori daga lardunan Arewa, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. A 1943 abin da aka haƙa ya haura tan 17,000, daga nan bai sake kai haka ba. Kasuwar ta yi ta ja da baya har ta rushe a 1985, manyan kamfanoni suka tattara nasu ya nasu, suka bar ramuka da tsibin ƙasa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ƙasar da haƙar ta ɓata ta kai wajen murabba'in kilomita 320, kusan kashi 4 cikin 100 na faɗin tudun Jos ke nan.

Ga mazauna Bukur da Gyel da Bisichi da Dorowa, wannan gado ne mai nauyi. Ga malamin da ke koyar da ilimin muhalli kuwa, garaɓasa ce. Ɗalibin digirin farko a Jos ba ya buƙatar a zana masa zaizayar ƙasa a allo, domin kuɗin Keke ya isa ya kai shi bakin kwazazzabo. Kayan awon da a da sai manyan hukumomi ke iya mallaka, yau rabinsu na cikin wayar da ke aljihunsa. Sai dai riƙe na'ura ba ya mai da ɗalibi masani. Sai ya san iyakar gaskiyar abin da na'urar ta gaya masa, ya taka da ƙafarsa ya tabbatar, sannan a sami wanda zai dawo wurin baɗi ya sake awon.

Garin da ya tara masu awo

Jami'ar Jos ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, kuma tana da Tsangayar Kimiyyar Muhalli wadda Sashen Labarin Ƙasa da Tsara Birane ke ƙarƙashinta. A garin ne Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraron Ɗan'adam ta Ƙasa take, reshen hukumar sararin samaniya ta NASRDA, wadda ta harba NigeriaSat-1 a watan Satumba na 2003, ta biyo da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a watan Agusta na 2011. Akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, akwai cibiyar nazarin haƙar ma'adinai. Hatta hukumar ITF, wadda ta ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 domin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, hedikwatarta na kan titin Miango. Da wuya a sami gari a Arewa da ya haɗa matsalar muhalli da masu iya auna ta a wuri ɗaya kamar Jos.

An kuma taɓa ganin amfanin hakan. A shekarun 1980 da 1990 malaman labarin ƙasa na Jami'ar Jos da takwarorinsu na Jami'ar Durham ta Ingila sun yi aikin haɗin gwiwa kan ƙasar da kuza ta ɓata. Tun ƙarshen zamanin Turawa hukuma ta ɗauka cewa maganin irin wannan ƙasa shi ne a baje tsibin, a dasa itacen turare. Da aka ɗebi ƙasar gandayen turaren aka auna, sai aka ga shekaru sun wuce ba ta farfaɗo yadda ake zato ba, tsaminta ma ƙaruwa yake yi. Wuraren da suka farfaɗo su ne inda 'yan lambu suka yi ta zuba taki da tokar bola suna noman rani da ruwan ramukan. Awo ne ya nuna cewa manomi ya riga hukuma gano magani.

Darasin farko: ina nake tsaye?

Kafin a tambayi tsamin ruwa ko faɗin rami, sai an san inda ake. Na'urar GPS, ta hannu ce ko ta cikin waya, tana sauraron saƙon taurarin da ke kewaya duniya a nisan sama da kilomita 20,000. Daga lokacin da saƙon kowane tauraro ya ɗauka kafin ya iso take lissafa nisansa, kuma sai ta ji aƙalla huɗu kafin ta faɗi wuri da tsawo. Har zuwa watan Mayu na 2000 sojojin Amurka suna dagula saƙon da gangan ga farar hula. Tun da aka daina, waya mai kyau a fili tana iya faɗin wuri da kuskuren mita 3 zuwa 5.

Darasin da ya fi kowanne amfani a makon farko ba ya cin ko kwabo. Malami ya kai ajinsa kan dutsen safiyo guda, kowane ɗalibi ya ɗora wayarsa a kai ya rubuta lambobin da ta ba shi. Idan aka koma aka zuba lambobin a kwamfuta, maimakon ɗigo ɗaya sai a ga ɗigogi sun watsu. A sake gwajin a gindin ɗaya daga manyan duwatsun Shere, inda dutse ya tare rabin sama kuma saƙo ke dukansa yana dawowa, za a ga watsuwar ta ƙaru. A duba lambar tsawo daga teku, za a tarar ta fi kowacce rawa. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba zai sake rubuta cewa bakin kwari ya ci santimita 40 a shekara ba alhali da waya ya auna. Irin wannan awo sai da turaku da tef.

Akwai wani tarko na biyu. Tsofaffin taswirorin Najeriya, irin takardar Naraguta mai lamba 168 da aka zana a ma'aunin 1:50,000 daga hotunan jirgin sama, an gina su a kan tushen awo na Minna. GPS kuwa da tushen duniya na WGS 84 take aiki. A yankin Jos bambancin da ke tsakaninsu ya kai wajen mita 80. Wanda ya ɗora sabon awo a kan tsohuwar taswira bai daidaita su ba, zai ga rafi ya kauce daga hanyarsa, ya zauna ya rubuta babi guda yana bayyana dalilin abin da bai taɓa faruwa ba.

Ido daga sama

Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kuma tun 2008 aka buɗe rumbun hotunansa kyauta ga kowa. Turai ta biyo da Sentinel-2 daga 2015, shi ma kyauta. Manhajar QGIS da ake haɗa taswira da ita ba a biyan ko sisi. Ma'ana, ɗalibin aji uku mai ƙaramar kwamfuta da kuɗin data zai iya jera hotunan Rayfield ko Lamingo na shekara hamsin, ya ga yadda gari ya cinye gonaki, ya ga ramin da ya ƙafe da wanda aka cike aka gina gida a kansa.

Sirrin hotunan shi ne suna ɗaukar hasken da ido ba ya gani. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, yana mai da hasken da ke gaba da ja da ƙarfi. Ruwa kuwa shanye shi yake yi, shi ya sa yake fitowa baƙi. Da wannan bambanci kwamfuta ke raba hoto gida-gida: nan ruwa, nan gona, nan gini, nan dutse.

A nan ne tudun Jos ke koya wa ɗalibi tawali'u. Inuwar babban dutse da safe baƙa ce a hoto, sai kwamfuta ta ce tabki ne. Falalen dutse da rufin kwano sukan rikita ta, ta ƙirga tsauni a cikin unguwa. Gandun turare yana fitowa kore shar kamar kurmi, alhali ƙarƙashinsa ko ciyawar kirki babu. Ga kuma girman ɗigo. Ɗigon hotunan Landsat na yanzu mita 30 ne sau 30, kusan fuloti biyu na ƙafa 50 sau 100. Na Sentinel-2 mita 10 ne sau 10. Ramukan da masu haƙar hannu ke tonawa yanzu, waɗanda ake kira loto, bakinsu bai fi na rijiya ba, saboda haka tauraro ba ya ganinsu, su ne kuwa ke rufta wa mutane, dabbobi ke faɗawa ciki. Sannan daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke ɓarnarsa, gajimare na rufe tudun, hoto mai kyau sai an yi sa'a.

Don haka ƙa'idar aiki ita ce, duk taswirar da aka fitar daga hoto sai an bi ta da ƙafa. A zaɓi wurare barkatai a kanta, a raba wa ɗalibai, kowa ya je ya tsaya a nasa, ya ɗauki hoto, ya cike fom a waya da manhaja irin KoboToolbox wadda ke aiki ko babu intanet. A dawo a ƙirga sau nawa kwamfuta ta yi daidai, sau nawa ta yi kuskure, kuma a wane irin wuri. Wannan lissafin shi ne darajar taswirar. Jirgi marar matuƙi zai iya ganin ramin loto sarai, amma tun 2016 tashinsa na buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, don haka aikin sashe ne, ɗalibi ba ya yin gaban kansa.

Ruwa ba ya tsami banza

Ramukan kuza ba a banza suke zaune ba. Da ruwansu ake ban-ruwan kabeji da karas da latas da tumatir da dankalin Turawa da ke cika motoci zuwa Abuja da kudu. A cikinsu ake wanki, ake shayar da shanu, ake kiwon kifi, ake wanke kuzar da ake haƙa yanzu. Tabkin shaƙatawa na Rayfield ma tsohon rami ne. Ingancin wannan ruwa tambaya ce da ta shafi tukunyar miyar mutane da yawa.

Kayan awon ruwa na fili ƙanana ne. Akwai ma'aunin tsami mai kama da biro, wanda ke faɗin lamba daga 0 zuwa 14, inda 7 ke tsakiya, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta amince da 6.5 zuwa 8.5. Akwai mai auna yawan gishirin da ya narke a ruwa ta hanyar yadda lantarki ke ratsa shi. Akwai farin faifai da ake zurawa da igiya har ya ɓace wa ido don a san gurɓacewar ruwa, dabarar da ake amfani da ita tun 1865. Kowanne da ladabinsa. Ma'aunin tsami sai an saita shi da ruwan gwaji kafin a fita, in ba haka ba zai yi ta ba da lamba mai kyan gani marar gaskiya. Dole a rubuta sa'ar da aka auna, domin ruwan da gansakuka ta yi yawa a cikinsa awonsa na safe daban yake da na la'asar. Dole kuma a san cewa waɗannan na'urori ba sa ganin dalma da sauran ƙarafa masu guba. Wannan sai an ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta an kai ɗakin gwaji.

Akwai kuma haɗarin da ba ya wari, ba ya launi. Kuzar Jos tana fitowa tare da kwalambait da wasu ma'adinai masu ɗauke da sinadarin toriyom, wanda ke fitar da tiririn radiyeshin. Idan aka tace kuza, waɗannan sukan taru a cikin yashin da aka zubar, bincike da dama kuma ya nuna tiririn ya fi ƙarfi a wuraren tacewa. Yashin nan mai laushi ne, yana jan hankalin magina. Ajin da ya zagaya da ma'aunin tiriri da GPS, ƙarƙashin malamin da ya san ƙa'idar kariya, zai iya fitar da taswirar da za ta nuna tsibin da bai kamata a ɗiba a yi shafen ɗaki da shi ba. Wanda ke shakkar amfanin irin wannan aiki ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400. Da na'urar hannu mai faɗin yawan dalma nan take aka bi gida-gida aka gano ƙasar da za a kankare.

Dilimi da daren ambaliya

Tudun Jos, mai tsawon wajen mita 1,200 daga teku, mararrabar ruwa ce. Daga nan Kogin Kaduna ke tashi ya nufi Kwara, Gongola ya nufi Binuwai, Dilimi kuma ya ratsa tsakiyar gari ya gangara ta Jama'are zuwa kwarin Tabkin Cadi. Abin da aka zuba a ruwa a Jos, wasu ne a nesa ke shan sa.

A daren 22 ga Yuli 2012, farkon azumi, ruwan sama mai ƙarfi ya sa dam ɗin Lamingo ya tumbatsa. Ruwa ya afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ya kashe mutum sama da 30, ya rushe gidaje masu yawa. Wannan masifa darasi ce cikakkiya. Akwai awon tudu da gangaren duniya da kumbon Amurka ya ɗauka a watan Fabrairu na 2000, wanda ake samu kyauta, kuma da shi ɗalibi zai iya fitar da duk faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa Dilimi. Amma awon nan bai san gadar da shara ta toshe ba, bai san katangar da aka gina a kan hanyar ruwa ba. Waɗannan sai an shiga unguwa. Dattijon da ya nuna da hannu inda ruwa ya kai a jikin bangon masallaci ya ba da awon da babu tauraron da ya ɗauka. Aikin ɗalibi shi ne ya auna tsawon alamar, ya ɗauki lambar wurin, ya haɗa ta da ta sauran gidaje har iyakar ambaliyar ta fito a taswira.

Sallama kafin awo

Jos gari ne da ya sha rikici a 2001 da 2008 da 2010, kuma batun ƙasa na cikin abin da ya fi taɓa zuciya a tsakanin Birom da Jarawa da Anaguta da Hausawa da Fulani. Baƙon da aka gani a gona yana danna na'ura yana kafa turaku, ba za a ɗauke shi ɗalibi ba, za a ɗauke shi ɗan safiyon da aka turo yanka fili. A wurin haƙa kuma za a zaci ɗan leƙen asirin hukuma ne. Saboda haka aikin fili yana farawa ne daga ƙofar mai unguwa ko dagaci, da takardar sashe a hannu, da bayani cikin harshen da mutane ke ji, da ɗan gari da zai yi rakiya. Ba a ɗaukar hoton mutum sai da yardarsa, ba a sa sunan mai gona a taswira. Ba a shiga ramin kuza iyo ko awon zurfi ba tare da kwalekwale da rigar ruwa ba, domin gefensa a tsaye yake, ya kuma ci rayuka da yawa. Idan an gama, a koma a gaya wa mutane abin da aka gano. Ƙungiyar aiki da ta haɗa ɗalibai Musulmi da Kirista, 'yan gari da baƙi, tana shiga unguwannin da ɗayansu shi kaɗai ba zai shiga ba.

Awo ɗaya ba ya nuna canji

Babban raunin furojet ɗin ƙarshen digiri a jami'o'inmu shi ne kowane ɗalibi daga farko yake farawa. Ya auna ramuka biyar a wata guda, a ɗinke kundin, a ajiye a kanta. Baɗi wani ya zaɓi wasu ramukan, da wata na'urar, a wani watan. Bayan shekara ashirin an tara kundi ɗari, amma ba mai iya cewa ruwan rami kaza ya gyaru ko ya ƙara lalacewa.

Misalin yadda ake kauce wa wannan na nan kusa. A dajin Amurum da ke Laminga, mai faɗin wajen hekta 300, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000. A duwatsun yankin ne ake samun wani ƙaramin jan tsuntsu da masana ba su bayyana shi ba sai a 1998. Daga wannan cibiya aka ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar nan gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 sau 9. Mai sa kai ya shiga gida guda da manhajar BirdLasser a wayarsa, ya yi aƙalla sa'a biyu yana rubuta duk tsuntsun da ya gani, wayar na haɗawa da lambar wuri. Ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, rumbun ajiya ɗaya ne, shi ya sa abin da ɗalibi ya gani a Katsina ake iya gwama shi da na Kalaba, na bana kuma da na baɗi.

Ramukan kuza da Dilimi suna jiran irin wannan tsari, kuma ƙofa a buɗe take. Sabon manhajin karatu da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Sashen da ke koyar da muhalli a Jos zai iya zaɓar ramuka ashirin da tashoshi goma a bakin Dilimi, ya kafa musu turakun siminti, ya rubuta ƙa'idar awo a shafi biyu, ya ɗora wa 'yan aji biyu nauyin zuwa sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina. 'Yan aji uku su haɗa taswira, 'yan aji huɗu su yi furojet da abin da aka tara. Kuɗin da zai ci bai wuce na man motar sashe da batura da ruwan saita ma'auni ba. Shugabannin sassa da ke karanta wannan littafi, ku kafa turakun nan a zangon karatu mai zuwa. Kai kuma ɗalibi, duk lambar da ka rubuta a fili, ka haɗa ta da rana da sa'a da wuri da sunan na'urar da ka yi awo da ita, yadda ƙaninka da zai zo bayanka zai iya ɗorawa a kai.